Amsar Wasiƙunku: Yadda Ake Daidaita Zaman Mota Mai Ɗaki

Yau wasiƙu biyu na zaro daga cikin jaka, domin ko da yake waɗanda suka rubuto su ba su san juna ba, tambayoyin nasu uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Ta farko ta fito ne daga wani dattijo, Alhaji, ɗan kasuwa a Mai'aduwa ta Jihar Katsina. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya ce tun yana saurayi yakan ga Turawa masu yawon buɗe ido sun ratso Hamada, sun biyo ta Damagaram za su Kano, cikin wata irin mota mai ɗaki, da gado da murhu har da firji a ciki. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, duk inda suka yada zango, kafin ma su sha ruwa sai sun fito da katakai sun hau da tayoyi a kai, ɗaya yana ciki yana duba wani abu, ɗaya yana waje yana ba da hannu. Kwanan baya kuma ɗansa ya nuna masa irin motar a waya, wannan karon har da wasu ƙafafun ƙarfe masu saukowa da kansu. Shi ne yake tambaya, camfi ne ko kuwa da dalili? Ya ƙara da cewa shi ma yana da bas da ya cire wa kujeru, a ciki yake kwana in ya fita cin kasuwannin ƙauye, kuma yana da tsohon firjin kananzir a ciki wanda sanyinsa ya fara ja da baya.

Ta biyu kuwa daga wani manomin masara ce a yankin Saminaka ta Jihar Kaduna. Ya ce da kaka babbar mota takan shiga gonarsa ɗaukar buhuna, ta tsaya a karkace saboda kunyoyi, sai yaran mota su sa jak su ɗaga ɓarin da ya yi ƙasa, su tokare da bulon siminti, a ci gaba da lodi. Ya ce hankalinsa bai kwanta da abin ba, amma ba ya so ya yi wa masu sana'a katsalandan cikin sana'arsu.

To, madalla. Na gode muku duka biyu, matambayi dai ba ya ɓata. Bari mu fara da Alhaji.

Alhaji, abin da ka gani ba camfi ba ne. Ita wannan mota gida ce sukutum aka ɗora a kan tayoyi, kuma ta fi yawa a Amurka da ƙasashen Turai, inda mutane kan ɗauki hutu su yi ta yawo da iyalinsu ba tare da kama ɗaki a masauki ba. A Amurka akwai wani kamfani mai suna Winnebago a Jihar Ayowa, wanda ya fitar da irin wannan mota tasa ta farko a 1966, har sunansa ya zama kamar sunan motar a bakin jama'a. A Jamus kuwa tun cikin shekarun 1950 ake gyara ƙaramar bas ɗin nan ta Volkswagen a sa mata gado da kabad. Irinta na cikin motocin da suka riƙa ratso Hamada ta Tamanrasset da Agadas a shekarun 1970 da 1980. Yawancin na Turai ba su wuce tan 3 da rabi ba, domin iyakar nauyin da lasin tuƙi na ƙaramar mota ya yarda da shi ke nan a can. Manyan na Amurka kuwa sukan kai tsawon ƙafa 45, nauyinsu ya haura tan 15.

Me ya sa sai an daidaita zamanta? Kowace mace mai girki ta san amsar. In duwatsun murhu uku ba su yi daidai ba, tukunya za ta karkace, miya ta taru a gefe guda, wani gefen ya ƙone. Haka gidan da ke kan taya yake. In ya karkace, mai barci zai kwana kansa a ƙasa ƙafafunsa a sama, ya tashi da nauyin kai. Ruwan wanka ba zai bi magudana ba, mai zai gudu gefe guda a kasko, ƙofa ta riƙa buɗe kanta ko ta ƙi rufuwa. Duk waɗannan ana iya haƙuri da su. Wanda ba ya haƙuri shi ne firji, kuma a nan ne maganar ta zo kanka, Alhaji.

Firji iri biyu ne. Akwai na lantarki mai inji a baya, wanda kake jin gurnaninsa, shi ɗan karkacewa ba ya damunsa sosai. Akwai kuma wanda ke aiki da wuta, ta kananzir ko ta gas, wanda ba ya ƙara ko kaɗan. Wasu ɗalibai biyu 'yan ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙago shi a 1922, kamfanin Electrolux ya shiga ƙera shi daga 1925. Shi aka daɗe ana sa wa motoci masu ɗaki, kuma shi ne dai firjin kananzir da muka sani a ɗakunan shan magani na karkara ana ajiye allurar rigakafi, kafin na hasken rana ya zo ya karɓi aikin a wurare da yawa.

A bayan wannan firji akwai bututai rufaffu, cikinsu da ruwa da wani sinadari mai warin gaske da ake kira amoniya, da kuma wata iska marar nauyi. Wutar lagwani tana tafasa haɗin, tururin amoniya ya hau sama, ya huce ya koma ruwa, sannan ya gangaro a hankali ta cikin bututan da aka ɗan karkatar da su da gangan. A kan hanyarsa ta gangarowa ne yake zuƙe zafin da ke cikin firji, sanyi ya samu, sannan ya sake haɗuwa da ruwa ya koma inda aka fara. Babu famfo, babu injin da ke tura shi, gangare kaɗai yake bi, kamar yadda mai lambu ke kora ruwa a fadama. To, in ka karkatar da firjin, ka mai da gangare ya zama hawa. Ruwan sai ya kwanta wuri guda, wurin tafasawa ya bushe ya yi zafi fiye da kima, maganin hana tsatsa da ke cikin haɗin ya daskare ya fara toshe bututu. Wannan toshewa ba ta warwarewa, kullum ƙaruwa take yi. Yau sanyi ya ragu, gobe ya ƙara raguwa, wata rana a wayi gari firji ya zama akwatin ajiye kaya.

Masu ƙera irin wannan firji sukan ce kada karkatarsa ta hagu da dama ta wuce digiri 3. In an mai da shi lissafin da kowa zai gane, wajen santimita 5 ke nan a kowace mita ɗaya. In mota tana tafiya ba a cika samun matsala ba, don girgiza ba ta barin ruwan ya kwanta. A tsaye ne ɓarnar take. Saboda haka, Alhaji, duk inda ka tsaya a karkace kuma za ka jima, kashe lagwanin har sai ka gyara zaman motar. In kuwa ka ji wari mai hawa kai a bayan firjin, ko ka ga wani gari rawaya-rawaya a jikin bututu, to ya huje, kashe shi ka fitar da shi waje.

Akwai kuma wata magana da ba ka tambaya ba, amma ba zan yi shiru a kanta ba. A motocin Turawan nan, bayan firjin yana da kafofi da suka fita waje ta jikin mota, hayaƙin wutar ba ya shiga ɗakin kwana. Kai kuwa naka a cikin bas yake tare da kai. Wuta a rufaffen wuri tana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe masu kwana da gawayi ko janareta a ɗaki. Don girman Allah kada ka rufe gilasai ka kwanta da lagwani a kunne, kada kuma ka tuƙa motar da wutar kananzir tana ci.

Yanzu ga yadda ake daidaitawar, kuma Malam na Saminaka, ka matso kusa, don daga nan maganar ta shafe ka.

Abu na farko shi ne zaɓen wuri. Rabin aikin a nan yake. Sauko ka taka ƙasar da ƙafarka. Ka guji laka, da yashi mai zurfi, da gindin suri inda gara ta rarake ƙasa, da inda aka taɓa haƙa rami aka cike. Sau da yawa in ka matsa gaba taku biyar, ko ka juya kan motar, za ka ga karkatar ta ragu da kanta. In wurin gangare ne kuma babu makawa, ka sa gaban motar ya dubi gangaren, domin gaba ne za a ɗaga, tayoyin baya su zauna daram a ƙasa. Dalili kuwa shi ne, a yawancin motoci birkin hannu tayoyin baya yake riƙewa. In suka bar ƙasa, ko birkin ya kai ƙarfin me, babu abin da ke riƙe da motar.

Abu na biyu, awo. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai a nan mudun muke so. Nemi lebur irin na magina, mai ɗan kumfa a cikin gilashi, ka ɗora a daɓen motar ko a cikin firjin, sau ɗaya a tsaye, sau ɗaya a gicciye. Kumfan kullum gefen da ya fi tudu yake gudu. In babu lebur, zuba ruwa a faranti mai faɗi ka ajiye, shi kuma ruwa gefen da ya yi ƙasa yake taruwa.

Da yake tsohon malamin makaranta ba ya rabuwa da alli, bari in ba ku ɗan lissafi. Samo miƙaƙƙen katako mai tsawon mita ɗaya, ka shimfiɗa shi a gicciye, ka ɗora lebur a kai, ka riƙa ɗaga bakin da ya yi ƙasa har kumfa ya tsaya a tsakiya. Auna ratar da ke ƙarƙashin bakin. A ce ka sami santimita 2, kuma tsakanin tayar hagu da ta dama mita 2 ne. Biyu sau biyu huɗu, wato santimita 4 za ka ɗaga wannan ɓarin, kaurin falanki ɗaya mai inci ɗaya da rabi ke nan. Haka za ka yi ta tsawo. In ratar santimita 2 ce, tsakanin tayar gaba da ta baya kuma mita 4, to santimita 8 ake nema, falanki biyu. Kun ga ashe gangaren tsawo ya fi cin katako.

Abu na uku, hawa katako. Turawan yanzu suna sayen wasu tubalan roba masu shiga cikin juna, ko matakala ta roba mai hawa-hawa, amma katako mai ƙwari yana yin aikin sarai. Sharaɗi shi ne faɗinsa ya fi faɗin taya, domin duk tafin tayar ya zauna a kai. Tayar da rabinta ke kan katako rabi na lilo, wayoyin cikinta ne ke wahala, wata rana ta fashe maka a kan hanya kana tsammanin ƙusa ce. In tayoyin baya biyu-biyu ne, duka biyun za a sa wa katako, kada a bar ɗaya ta ɗauki kayan 'yar'uwarta. In falanki ya wuce ɗaya, a jera su kamar matakala, na ƙasa ya fi tsawo, na sama ya fi gajarta, a buga musu ƙusa kada su zame. Direba ya sa giya ta ɗaya ya hau sannu a hankali, mai ba shi hannu ya tsaya a gefe inda ake ganinsa, ba gaba ba, ba baya ba, don katako yakan yi tsalle daga ƙarƙashin taya. Da taya ta kai tsakiya sai a ja birkin hannu, a kashe mota a bar ta cikin giya, a sa weji gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa. Shawarata ita ce, in lissafi ya nuna sai ka jera fiye da falanki uku, to wurin ne bai dace ba, nemi wani.

Ga kuma wata dabara da ta fi sauƙi ga mai gona. Maimakon a ɗaga ɓarin da ya yi ƙasa, a saukar da wanda ya yi sama. Ɗauki fartanya ko shebur ka baje kunyoyin, ka ɗan rage ƙasa a inda tayoyin tudu za su tsaya, mota ta shigo ta zauna. Aikin minti goma ne, kuma motar da ke zaune a kan ƙasa babu inda za ta faɗa.

Abu na huɗu, jak. Waɗannan ƙafafun ƙarfe da ɗanka ya nuna maka, Alhaji, iri biyu ne, kuma ko a can masu motocin sukan rikita su. Akwai ƙananan da aikinsu kawai hana mota rawa in ana tafiya a ciki. Su ba a ɗaga mota da su, sai an gama daidaitawa da katako sannan a sauke su su ɗan taɓa ƙasa. In aka ɗora musu nauyi sai su lanƙwashe. Akwai kuma manya masu aiki da mai, waɗanda aka ɗaure a jikin shasi, wato ƙarfen da gangar mota ke zaune a kai. Su suna iya ɗagawa, amma biyu-biyu ake sarrafa su, na gaba tare, na baya tare, ko na ɓari guda tare. In aka ɗaga kusurwa ɗaya ita kaɗai, shasi yakan murɗe, ƙofofi su ƙi rufuwa, wani lokaci har gilashin gaba ya tsage. Kuma ko da su, ƙa'ida ita ce tayoyin baya ba sa barin ƙasa.

Kowane irin jak ne, ba a kafa shi a kan ƙasa tsirara. Ku dubi raƙumi da jaki a cikin rairayi. Raƙumi ya fi nauyi nesa ba kusa ba, amma jaki ne ke nutsewa, saboda tafin raƙumi faffaɗa ne. Gindin jak mai santimita 10 kowane gefe, in ya ɗauki tan 2, kowane ɗan murabba'in santimita na ƙasa yana ɗauke da kilo 20. Sa masa katako mai kauri, santimita 40 kowane gefe, nauyin ya bazu ya koma kilo ɗaya da kwata. Bambancin ninki 16 ke nan, daga guntun katako ɗaya.

To, Malam na Saminaka, ga amsarka kai tsaye. Hankalinka da bai kwanta ba ya fi nasu gaskiya. Aikin jak ɗagawa ne na ɗan lokaci, ba a bar masa riƙon kaya. Jak mai aiki da mai, wata 'yar roba ce a ciki ke tare man, in ta gaji sai ya riƙa sauka a hankali ba wanda ya lura, ko ya sake gaba ɗaya. Ga shi kuma ana lodi, kowane buhu aka jefa motar sai ta girgiza, nauyi yana ƙaruwa a kan abin da tun farko da ƙyar yake tsaye. Bulon siminti kuwa ya fi jak haɗari. Cikinsa rami ne, an yi shi ne don ya ɗauki nauyin gini a shimfiɗe, ba ƙarfe mai danna wuri guda ba. Katako in zai gaza yakan yi ƙara, ya ba ka zarafin ja da baya. Bulo ba ya sallama, sai dai ka ga gari.

Wannan ba labari aka ba ni ba. Lokacin da nake koyarwa a wata firamaren ƙauye, ranar wata kasuwa, motar hatsi ta yi faci a bakin makarantarmu. Aka ɗaga ta da jak, aka tokare da bulo biyu, yaron motar ya zura ƙafafunsa ƙarƙashi yana jawo taya. Ban fi taku ashirin da wurin ba na ji ƙara kamar an fasa tulu. Allah Ya yi da sauran kwanansa, amma ƙafarsa ta dama ba ta sake komawa daidai ba. Yaro ne da bai kai shekara ashirin ba, kuma a cikin motar akwai katakai da ba wanda ya ga dama ya sauko da su. Har yau in na ga bulo a ƙarƙashin mota sai gabana ya faɗi.

Saboda haka, Malam, gonarka ce, masararka ce, kuma in wani abu ya faru a gabanka zai faru. Faɗin gaskiya a nan ba katsalandan ba ne. Kafin motar ta iso, ka gyara mata wurin tsayawa a bakin gona inda ƙasa ta yi tauri, a kawo buhunan da amalanke ko a ka. Ka ce ba za a yi lodi mota tana kan jak ba. In taya ce ta lalace dole a ɗaga, a sa weji tukuna, a kafa jak a kan katako, a tokare da guntayen katako masu kauri a ƙarƙashin shasi, kuma kada kowa ya shigar da hannu ko ƙafa inda jak kaɗai ke riƙe. Ka kori yara daga wurin. Wanda ya ce kana ɓata masa lokaci, ka tuna masa sannu ba ta hana zuwa.

Alhaji, kai kuma in gari ya waye za ka tashi, ka bi abin daga ƙarshe zuwa farko. A kashe firji, in akwai abin da aka tokare motar da shi a janye, direba ya zauna ya taka birki, sannan a zare weji, a sauko daga kan katako a hankali, a kwashe katakan a adana don zango na gaba. Falanki huɗu da weji biyu da ɗan lebur ba za su ci maka wurin buhu ɗaya ba, kuma kuɗinsu bai kai na sabon firji ba, balle a yi maganar lafiyar mutum.

Jama'a, agogo ya harare ni, a nan za mu dasa aya. Masu wasiƙun da ba mu kai gare su ba, ku ƙara haƙuri, suna nan cikin jaka ba su ɓata ba. Allah Ya ba manoma albarkar gona, Ya ba 'yan kasuwa ciniki mai albarka, Ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.